Mai Gyaran Agogo da Littafin Akuya

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da ba zai manta da Talata, tara ga Satumba ba. An wayi gari da yayyafi. Yana buɗe shago aka ce malamar jikarsa tana nemansa.

Jikar shekararta biyar. Uwarta ta tafi karatun jinya a gari mai nisa, ta bar masa ita da roƙo ɗaya: "Baba, kullum ka karanta mata ko shafi guda ne."

Shi kuwa lambobin agogo kaɗai ya sani. Marigayiya matarsa ce ke karanta masa komai, ko 'ya'yansa ba su sani ba. A waje sai ya ce ya manta tabarau.

Don haka kowace yamma yakan buɗe mata wani littafin labarin akuya, ya dubi hoto, ya bi layi da yatsa, ya shirya labari daga kansa.

Da ya isa makaranta a ranar, malama ta miƙa wa yarinyar littafi a gabansa. Yarinyar ta gyara zama, ta yi gyaran murya irin tasa, ta bi layi da yatsa tana zuba labarin da babu shi a takarda.

"Ta ƙi koyon haruffa, Baba," in ji malama. "Idan aka tafi a haka, sai ta maimaita aji."

Yarinyar ta turo baki. "Ai Kaka ya fi ku iyawa! Jiya akuyar ta haihu, shekaranjiya kuma keke ta saya."

Hannunsa ya nufi aljihu, maganar tabarau ta zo bakinsa. Sai ya dubi jikar, ya sauke hannun.

"Malama, laifina ne. Ban iya karatu ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai ajin manya ranar Asabar da safe.

Ya je. Ya zauna a ƙaramin benci, gwiwoyinsa na taɓa tebur. A gida suka riƙa yin aikinsu tare.

"Kaka, harafinka ya juya baya."

"To uwar iyayi, gyara mini."

Bayan wata bakwai suka karanta littafin da gaske, kalma bayan kalma. Ashe akuyar ɓata kawai ta yi, ta dawo gida.

"Naka ya fi daɗi," in ji jikar, "amma wannan ni ma na iya."

Ta wuce aji. Shi kuma ya zauna a teburin shago, ya ture agoguna gefe, ya rubuta: "'Yata, da hannuna na rubuta wannan. Mun gama littafin akuya. Turo wani."

Jikar ta manna kan sarki. Da kansa ya je gidan waya ya jefa wasiƙar a akwati.

Darasi: Yaro abin da ya ga kana yi yake koya, har da abin da kake ɓoyewa. Cewa "ban iya ba" ba ya rage girma. Ku tura wa wanda yake ganin lokacin koyo ya wuce shi.