Wadda Za Ta Raka Iya Tabawa Ƙofar Tiyata

Ku gyara zama, 'yan uwa, na zo muku da wata. Ba ta dariya ba ce, kuma in na kai ƙarshe ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke.

A wani gari na bakin fadama, can wajen Ringim, akwai wata dattijuwa da ake kira Iya Tabawa, mai sana'ar daddawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya'ya uku, duka mata. Babbar ita ce Barira, 'yar fari, wadda tun da aka yaye ta aka kai ta wajen goggonta a Taura, can ta tashi, can aka yi mata aure. Ta tsakiya Shafa'atu, malamar firamare ce a Kano. Autar kuwa Hakama, ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ke kwana ɗaki ɗaya da Iya.

A shekarar da nake ba ku labari, ciwon daji ya kama Iya Tabawa a ƙodar hagu. Maganinsa a cire ƙodar kafin ya bazu. Amma kafin a kai Iya ƙofar ɗakin tiyata, sai da kowace cikin 'ya'yan nan uku ta yi wa uwarta abin da ba ta so.

Hakama ce ta fara gani. Wata safiya ta ɗauki fon Iya za ta zubar, sai ta ga fitsarin ja, kamar ruwan da aka wanke nama. Ta koma ɗaki ta tambaya. Iya ta ce, "Tsargiya ce. Duk wanda ya yi wanka a fadamar nan yana yaro ya san ta. Ki jiƙa mini sassaƙe." Har Hakama ta juya, Iya ta kamo gefen zaninta. "Rantse mini da Allah ba za ki gaya wa kowa ba. Da tsufana ba za a yi zancen fitsarina a gaban surukai ba." Hakama ta rantse.

Wata uku tana riƙe da wannan rantsuwa. Tana kallon zanin Iya yana ƙara yi mata yawa. Tana kallon ta in tana dakan kalwa, sai ta jingine taɓarya ta dafe kwiɓi, ta ce wai hutawa take yi. Sassaƙe ya ƙare aka sake jiƙa wani, jinin ya ɗauke kwana biyu ya dawo. Ranar da Iya ta yi ruku'u a sallar La'asar ta kasa ɗagowa, sai da ta ƙarasa a zaune, ranar Hakama ta zagaya bayan rumbu ta kira Shafa'atu a waya, ta faɗa mata komai.

Washegari da hantsi sai ga Shafa'atu da mota a ƙofar gida. Iya ba ta dubi motar ba, autarta ta duba. Ta ce, "Ke ce ko?" Hakama ta ce, "Ni ce, Iya." Ta ce, "Da sunan Allah fa kika rantse mini." Daga nan ba ta ƙara yi mata magana ba har kwana tara. Ko ruwa Hakama ta miƙa mata, sai ta ce a ba wata ta miƙo. Hakama ba ta da abin ciyar da miskinai goma, sai ta yi azumin kaffara kwana uku, tana azumin tana wanke wa Iya kaya. Daga baya likita ya ce da an ƙara 'yan watanni, da babu ma zancen tiyata. Hakama ta ji wannan magana, amma ba ta sanyaya mata rai ba. Abin da ta riƙa tunawa shi ne wata ukun da ta yi shiru.

To, wannan ke nan. Sai Shafa'atu.

A gidanta na Kano aka sauke Iya da Hakama, ita ta yi ta zirga-zirga da Iya a babban asibiti, yau a ɗebi jini, gobe a ɗauki hoto. Ranar da sakamako ya fito, likita ya kira Shafa'atu ciki tare da Kawu Tanimu, ƙanen Iya, shi ne babban namiji da ya rage a dangi. Iya kuwa tana waje a kan benci tana jan carbi. Likita ya nuna musu hoton, ya faɗi sunan ciwon, ya ce mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya, amma a yi sauri. Da suka fito, Kawu ya tsayar da ita a lungu. Ya ce, "Kada wanda ya furta mata sunan abin nan. Sunan kaɗai ya isa ya kwantar da ita. A ce mata ɗan ƙari ne za a cire." Ba mugunta ce ta sa shi ba, ku ma kun san haka ake yi a gidaje da yawa. Yana maganar idonsa jawur.

Aka faɗa wa Iya ɗan ƙari ne. Sai ta ce, "To alhamdulillahi. In ɗan ƙari ne, ku mayar da ni gida. Ɗorawa ta nuna, ba zan bar shekara ta wuce ni ba. Bayan damina sai a duba." Ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta ajiye a bakin ƙofa. Kwana biyu Shafa'atu tana lallashi, Iya tana dariya tana cewa 'yan boko da tsoro. Har ta aika a tambayo mata motar Ringim ta safe.

A rana ta uku bayan Azahar, Shafa'atu ta zauna a gaban Iya a kan tabarma. Ta ce, "Iya, ƙarya muka yi miki. Ciwon daji ne." Iya ta ce, "Maimaita." Ta maimaita. Iya ta ce, "Irin wanda ya ɗauke Uwale maƙwabciyata?" Ta ce, "Irinsa ne. Amma nata an makara. Naki likita ya ce ba a makara ba." Iya ta yi salati, ta jawo ƙullin kayanta ta kwance da hannunta. Zancen komawa gida ya mutu daga ranar. Da ta koma kuwa, babu mai sake fito da ita sai a makara.

Sai dai abin da Kawu ya ji tsoro shi ma ya faru. Iya ta juya fuskarta ga bango, ta daina cin abinci sai kurɓar ruwa. Kawu ya zo ya gani, ya dubi Shafa'atu a gaban mijinta ya ce, "Kin kashe uwarki da bakinki." Ya daina amsa gaisuwarta. Ita kuma ba ta musa ba, don kullum ta kai kwano ta dawo da shi yadda yake, sai wani ɓangare na zuciyarta ya ce mata Kawu ya yi gaskiya.

Iya ta ce ba za a yanka ta ba. Ta ce da ƙoda biyu Ubangiji ya aiko ta, da biyu za ta koma. Aka kira limamin unguwa ya yi mata nasiha, ya ce neman magani ba ya rage tawakkali. Ta ce, "Na sani, Malam, Allah ya saka." Ba ta sauya ba. Ta fara rabon tasoshinta da baki, wannan ta wance, wannan ta wance. Gaskiyar abin, wadda ba ta faɗa wa kowa ba, tsoro ne. Mace ce da ko ƙarin ruwa ba a taɓa yi mata ba. Ranar tiyata tana matsowa, takardar amincewa tana ajiye a kan tebur, ba a dangwala mata yatsa ba.

A nan ne Barira ta iso daga Taura.

Kun dai san kunyar ɗan fari. Shekara arba'in da shida Iya ba ta taɓa kiran sunan Barira ba, sai dai ta ce "'yar Goggo". In Barira ta zo, daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe ta, Iya ta amsa tana kallon wani waje. Ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya ba. Sau biyu aka yi wa Barira aiki wajen haihuwa, a na farkon ɗan bai zo da rai ba, Iya ba ta je ba. Ta aika da yaji da daddawa, ta shiga ɗaki ta yi kukanta ita kaɗai, kuma babu wanda ya kai wa Barira labarin kukan.

Kwana biyu Barira tana gaisuwa daga bakin ƙofa kamar yadda aka saba. A na uku da safe, ta shiga ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin gadon. Ta sassauta zaninta, ta kamo hannun Iya ta ɗora a kan tabon da ke mararta. Iya ta fizge, Barira ba ta saki ba.

Iya ta ce, fuskarta na bango, "Ke, ba ki da kunya ne?"

Ta ce, "Yau ba ni da ita, Iya. Taɓa ki ji. Sau biyu aka yanka nan. Na farko da na tashi na tambaya ina ɗan, aka ce an kai shi. Na yi ta kallon ƙofa ko za ki shigo. Ban riƙe ki ba, na san al'ada ce. Amma ga ni, an yanka an ɗinke, ina noman riɗina, ina surfe."

Hannun Iya ya daina ja. Can ta ce, a hankali, "Ana ji lokacin da suke yi?"

"Ba a ji. Barci ne."

"In ban tashi ba fa?"

"In kwana ya ƙare, ko kina gindin ɗorawa zai same ki. Ni dai ban taɓa roƙon ki komai ba, ko kallabi. Yau na roƙe ki wannan."

Iya ta yi kuka irin wanda 'ya'yanta ba su taɓa ji ba, har na waje suka miƙe tsaye. Da rana ta sha koko rabin kofi. Da yamma ta ce a kawo takardar, ta dangwala yatsa. Amma tun daga ranar, in Barira ta shigo, sai Iya ta rufe fuska da mayafi, hawaye na bin gefen kunnenta. Barira ta fita tsakar gida ta zauna, tana tambayar kanta ko daidai ne ta ɗora wa mara lafiya nauyin abin da ya wuce shekara ashirin, a lokacin da ko nauyin jikinta ba ta iya ɗauka.

Aka kwantar da Iya a asibiti. Likita bai ɓoye musu ba. Ya ce yana fatan alheri, amma ga shekaru, ga hawan jini, akwai waɗanda ake shiga da su ba su farfaɗo ba. Kowace cikin ukun ta fahimci abin da yake nufi.

Ranar aikin, Iya ta yi alwala, aka sa mata koriyar rigar asibiti wadda ta yi mata yawa. Ta cire 'yan kunnenta da carbinta ta ajiye a kan filo, ba ta miƙa wa kowa ba. Ta ce, "Ku yafe mini." Suka ce ba ta yi musu komai ba, ita ta yafe musu. Kafin ta amsa, nas ta turo gado mai taya. Aka ɗora ta, ta zama 'yar ƙarama a kai.

Nas ta ce, "Mutum ɗaya ce za ta bi mu har ƙofar tiyata. Sauran ku jira a nan. Ɗaya fa, kuma ku hanzarta, likita yana jira."

Tafiyar ba ta da tsawo, dogon baranda ne da kwana ɗaya. Amma duk wadda ta bi, ita za ta riƙe hannun Iya, ita za ta laƙƙana mata addu'a, kuma in Allah ya ƙaddara abin da ake gudu, ita ce fuskar ƙarshe da Iya za ta gani cikin nata. Hakama ta ce, "Yaya Barira, ke ce babba, je ki." Barira ta ce, "Shafa'atu ta fi sanin asibitin." Shafa'atu ta ce, "Auta ce ta saba da jikinta." Kowace tana faɗa, amma babu wadda ta cire hannunta daga ƙarfen gadon.

Nas ta sunkuya ta ce, "Mama, wa kike so?"

Iya ta rufe ido. Ta ce, "Kada ki sa ni wannan, 'yar nan. Duka ukun sun saɓa mini, kuma duka ukun ne suka kawo ni nan."

To, 'yan uwa, gado yana tsaye, nas tana jira. Da Hakama ba ta karya rantsuwa ba, da ba a san da ciwon ba. Da Shafa'atu ba ta faɗi sunansa ba, da Iya tana can gida tana daka har ya gama da ita. Da Barira ba ta ajiye kunya ba, da takardar nan tana kan tebur har yau. A cikin su ukun, wace ce ta fi cancanta ta riƙe hannun Iya Tabawa zuwa ƙofar nan, kuma waɗanne biyu za ku ce su saki ƙarfen gadon?