Takalmin Sarauta a Akwatin Tasalla

Mijina Fergal ya rasu, kujerarsa babu kowa, takalmin sarautar gidansu kuma yana kulle a akwatina.

A Bukuru muka haɗu yana aikin kuza, ya aure ni ya kawo ni ƙasarsu, Ireland. Shi ne shugaban zuriyarsu. Su a gidansu ba a naɗa rawani. Magaji yakan hau wani dutse a bayan gida, a sa masa tsohon takalmin kakanninsu a ƙafar dama, kuma ba a sauke shi daga sarautar sai mutuwa. Allah bai ba mu haihuwa ba, sai 'ya'yan ƙannensa maza uku: Cormac da Donal da Brendan.

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a makiyayar tumaki, Cormac ne ya tsince shi cikin ruwan sama, ya goyo shi har gida. Ba don shi ba, da sanyi ya ƙarasa shi a can. Amma a gindin dutsen nan ya same shi, kuma har yau bai faɗa mini abin da shi Cormac ɗin ya je yi a wurin ba.

Donal ne ya kai mu asibiti. Kogi ya cika ya shanye gada, kowa ya ja baya, shi ya afka da motarsa muka haye. Muna tsakiyar ruwa, kan mijina a cinyata, ya waiwayo ya ce, "Anti Tasalla, takalmin nan dai kin adana shi da kyau ko?"

Brendan ya ba da jini, don nasa kaɗai ya dace. Aka ɗiba har ya suma. Sai dai kafin ya miƙa hannu na ji ya ja likita gefe: "In an sa masa, zai iya magana?" Bai tambaya ko zai rayu ba.

Fergal ya farfaɗo, ya ɗan ƙara kwanaki. Na ce, "Maigida, wa zan ba takalmin?"

Ya ce, "Wanda ya cece ni."

"Ai su uku ne."

Ya yi murmushi. "Kin fi ni ido, Tasalla." 

Yanzu kullum sai sun zo gaishe ni, bakinsu na ta'aziyya, idonsu na kan ƙofar ɗakina. Dangi sun matsa in fito da takalmi.

Ku taya ni addu'a, Allah ya jiƙan Fergal, ya tsare ni da cin amanarsa. In kun shafa, sai ku faɗa mini: tsakanin Cormac da Donal da Brendan, ƙafar wa zan sa wa?