Tumatirin da Ba a Latsawa

Dagacin Rafin Gora ya ga tumatir ya yi arha da rani, sai ya aika aka kira Jatau mai lambu.

"Ga kwando nan," in ji Dagaci. "Ka ajiye mini shi har damina, lokacin da yake tsada. In same shi ja wur, da tauri kamar yau aka tsinko. In ya lalace, fadamarka ta zama tawa."

Jatau ya duba, ya ga irin mai ruwa ne, wanda ko harara ba ya jurewa. Ya ce, "An gama, ranka ya daɗe. Sai dai ka san tumatir, wanda duk aka latsa, mai latsawar ne ya ɓata shi."

"Wannan ko yaro ya sani," in ji Dagaci. Fadawa suka shaida.

Da damina ta sauka, Jatau ya dire kwandon a fada, ƙudaje na yi masa rakiya.

Dagaci ya toshe hanci. "Kai, wannan ai ya ruɓe!"

"Ja ka ce, ranka ya daɗe, ga jan nan har yana tsiyaya. Wari ba ya cikin sharaɗi. Tauri kuwa ba a ganin sa da ido."

Dagaci ya latsa ɗaya, yatsa ya nutse.

"Kash! Ka ɓata shi," in ji Jatau. "Ɗazu kamar dutse yake."

Dagaci ya sake miƙa hannu, Jatau ya russuna.

"Sauran duk lafiyarsu ƙalau, ranka ya daɗe, muddin ka riƙe yatsanka."