Gizo da Kwangilar Madafar Inna Yalwa

"Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, kunnuwanmu na wurinki."

Wani saurayi ne ana ce masa Nomau. Sunan dai na manoma ne, amma ƙafar ta fatake ce, kullum ƙaiƙayi take yi masa. Ya tafi Kurmi da niyyar wata uku, sai da ya shekara bakwai. Ranar da ya dawo ya tarar kukar bakin kasuwa ta faɗi, an kafa rumfar cajin waya a gurbinta. Rijiyar unguwa an rufe ta da siminti, mata sun koma layin burtsatse. Jakunan garin sun ƙare, sai babura. Abokin da suke satar mangwaro tare ya zama ladan, har da gemu. Karen gidansu ya yi masa haushi. Ƙanwarsa Azumi, da ya bari tana wasan 'yar tsana, ta yi aure a wani ƙauye, ga cikin fari wata takwas.

Abu biyu ne kawai ya tarar yadda ya bar su: madafar uwarsa Inna Yalwa, baƙa ƙirin da hayaƙi, da makewayin zana a bayan gida, da 'yar rariyarsa a gindin katanga.

Ya tsaya ya riƙe ƙugu. "Haba Inna! Duniya ta yi gaba, ke kina nan kina hura wuta da baki?"

To, Nomau ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunansa. Ta ce, "Kai wannan, tuwon da ya girmar da kai har ka iya riƙe ƙugu, a nan aka tuƙa shi. Gobe zan je in taho da Azumi goyon ciki. A gidan nan za ta haihu, a nan za ta yi wankan jego na kwana arba'in, safe da yamma. Kwana uku zan yi. Kada ka taɓa mini komai."

Ya ce, "To."

Inna na fita, ya nufi kasuwa neman magini. Aka nuna masa Zanzaro, wani tsoho mai siririn ƙugu, yana kwaɓa ƙasa a gindin bango. Nomau ya ce yana so a rushe madafa da makewayi a yi na zamani.

Zanzaro bai ɗago ba. Ya ce, "Kai ke girkin?"

"A'a, uwata ce."

"To ba na taɓa madafa sai mai girki tana tsaye. Bari ta dawo."

Nomau ya ja tsaki ya juya. Bai yi taku uku ba sai ga Gizo ya sauko masa daga rumfa ta kan zare. Hannu ɗaya riƙe da waya, ɗaya da igiyar awo, ɗaya da fensir, ɗaya yana gyara hula, sauran huɗun duk ya miƙo su gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, Alhaji! Daga ganin takalminka na san ka ga duniya. Ni ne Gizo ɗan kwangila. Kicin kake so? Banɗaki mai tayil da shawa? Kwana uku, ka karɓi makulli."

Nomau bai taɓa zuwa ko filin jirgi ba, amma Alhajin nan ya yi masa daɗi. Ya ce, "Sai dai Inna ba ta nan."

"Madalla! Ai tsohuwa ba a shawara da ita, sai dai ta dawo ta gani ta yi guɗa."

Nan take Nomau ya damƙa masa kafin alƙalami. Kafin azahar Gizo ya zo da guduma takwas. Ya rushe madafa, ya tumɓuke zana, ya cike rariya da ɓaraguzai, ya mirgina duwatsun murhu uku zuwa bola. Ya karkaɗe hannuwa ya ce zai je ya taho da yashi.

Shiru kake ji.

Washegari Nomau ya bi sawu, ya same shi a gidan Kura, ya rushe mata zaure.

"Gizo, ina yashin?"

"Alhaji, motar ce ta kafe a rafi. Gobe da sassafe, in Allah ya kai mu."

Gobe ta yi, ya same shi a gidan Kunkuru, ya yaye masa rufi.

"Gizo, ina yashin?"

"Alhaji, rasuwa aka yi mini. Kakata ce."

"Allah ya jiƙanta. To a kan rufin mutane kake zaman makokin?"

"Ai nan iska ta fi kaɗawa, hawaye sun fi saurin bushewa."

Rana ta uku ya same shi a gidan Bushiya, ya ɓalle mata ƙofa.

"Gizo! Yashin!"

"Alhaji, kakata ce ta rasu."

"Ba jiya ta rasu ba?"

"Waccan ta wajen uba ce."

Bushiya ta leƙo ta ramin da ƙofarta take a da, ta ce, "Samari, kai ma ya rushe maka? Ai haka yake yi. Rushewa yake fara yi don kada ka iya korarsa. Gida takwas gare shi a hannu, kowace ƙafa da nata."

Nomau ya koma gida zuciya na tafasa, ya tarar Inna ta dawo. Tana tsaye a tsakar gida da ƙunshin kaya a ka, Azumi a bayanta ta dafe ƙugu. Su biyun suna kallon tulin ƙasa.

Inna ta ce, "Kai wannan, yaƙi aka yi?"

"Gyara ne, Inna."

"Gyara. Ina murhuna?"

"Za a kawo miki na gas."

Azumi ta ce, "Yaya, ni dai yanzu ina zan kewaya?"

Ranar nan a gidan maƙwabta suka yi komai, Inna na sallama da buta a hannu kamar baƙuwa, a unguwar da ta shekara talatin.

Da gari ya waye Nomau ya je ya kamo Gizo ta ƙafa biyu, ya jawo shi har gida. Gizo ya ce, "Kwantar da hankalinka, Alhaji, ga ƙwararru na zo da su." Sai ga Gafiya, wai ita ce gwanar kicin. Sai ga Kwaɗo, wai shi ne injiniyan ruwa. Suka kewaye wurin da buhuna. Inna ta matso za ta yi magana, Gizo ya tare ta da hannu huɗu.

"Hajiya, ba a kallon aiki sai an gama. Ki je ki huta."

Kwana uku ana ƙwanƙwasa. A rana ta ukun, da hantsi, Azumi ta haifi 'ya mace. Ana cikin guɗa Gizo ya yaye buhuna ya ce, "Ga aiki!"

Inna ta miƙe. Ta ɗauko babbar tukunyar wankan jego, wadda aka dafa wa uwarta ruwa a ciki, ta nufi sabon kicin. Tukunya ta ƙi shiga ƙofa. Ta juya ta ta gefe, ta ƙi. Ta kifa ta, ta ƙi. Ta ajiye ta, ta sunkuya ta leƙa: duhu kamar cikin tulu, ga wani ɗan murhun gas a kan wata kanta mai tsayi har ƙirji.

"Ina taga?"

Gafiya ta ce, "Taga? Don maƙwabta su ga abin da kike ci? Ni gidana ko huda babu, kuma lafiya lau nake."

"A ina zan zauna in taka tukunya in tuƙa tuwo?"

Gizo ya ce, "A tsaye ake yi yanzu, Hajiya."

Ta wuce banɗaki. Tayil fari fat, sai sheƙi. Ta murɗa shawa, ko ɗigo babu, don ba a taɓa jawo famfo gidan ba. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta watsa a ƙasa. Ruwa ya zagaya, ya zagaya, ya dawo tsakiya ya kwanta.

"Ina rariya?"

Kwaɗo ya zaro ido. "Rariya? A yi wanka kuma a bar ruwan ya tafi? Wannan ai asara ce! Da gangan na zurfafa tsakiyar, kwana biyu kawai ki ga yadda zai taru." Ya yi tsalle ya faɗa ciki, ya lumshe ido.

Nomau ya waiga neman Gizo. Sai zare kawai yana lilo a bakin katanga.

To, jikokina, mai jego ba ta jiran magini. In ba ta sami ruwan zafi safe da yamma ba, tsofaffi suka ce sanyi zai shige ta, ta yi ta fama. Inna ta ce, "Kai wannan, je bola ka dawo mini da duwatsuna."

Ya je ya tone su a gaban 'yan unguwa, ya mirgino su ɗaya bayan ɗaya. Aka kafa murhu a tsakar gida. Inna ta shiga da Azumi banɗakin tana riƙe da ita kamar ƙwai saboda santsi, ta yi mata wanka da ganyen darbejiya. Suna fitowa, Nomau ya shiga da ƙwarya yana kwashe ruwa yana kaiwa waje. Da yamma haka. Washegari haka. Azumi daga ɗaki tana cewa, "Sannu da aikin zamani, Yaya."

A kwana na uku hadari ya haɗo, ruwan farko ya sauka. Wuta ta mutu, itace ya jiƙe, tukunya ta huce. Ranar nan Azumi ba ta yi wankan yamma ba. Nomau ya ga ta ƙudundune cikin zane tana rawar ɗari, jaririya na kuka, Inna ta durƙusa cikin taɓo tana hura ɗanyen itace, hayaƙi na sa ta hawaye.

Bai jira ruwa ya ɗauke ba, ya tafi wurin Zanzaro. Ya tuɓe takalman nan da suka ga duniya, ya durƙusa.

Zanzaro ya ce, "Mai girkin ta dawo?"

"Ta dawo, Baba."

"To mu je."

Da suka iso, Zanzaro ko kallon ginin bai yi ba. Ya tsuguna gaban Inna ya gaishe ta, ya yi mata barka. Sannan ya ce, "Wace tukunya ce babbarki?" Ta nuna. Ya sa Nomau ya ɗauke ta ya kara a ƙofa, ya zana faɗinta da gawayi, aka fasa.

Ya ce, "Ina kike zama in kina tuƙi?" Ta jawo kujerarta 'yar tsugune ta zauna, ta miƙe ƙafa. Inda ƙafarta ta tsaya, nan aka dasa duwatsu. Ya kunna tsinken ciyawa, suka bi hayaƙin da ido, inda ya nufa nan aka huda taga.

Ya ce, "Da can ina ruwanki yake bi?" Ta kai shi gindin katanga ta buga ƙafa. Aka tone, sai ga tsohuwar rariya tana nan. Aka ɓamɓare tayil ɗin ƙasa, aka yi daɓen siminti mai kaushi, aka karkata shi can. Inna ta watsa ƙwarya guda, ruwa ya miƙe sumul ya fice. Kwaɗo ya bi shi yana Allah ya isa.

Duk aikin nan Nomau ne lebura. Shi ne kwaɓa, shi ne ɗauka, har tafinsa ya yi kanta. Murhun gas kuwa Inna ta ce a bar shi a gefe, yana da amfani wajen shayi.

Ranar suna gida ya cika, tuwo na fitowa daga madafa malmala bayan malmala. Sai ga Gizo da sabuwar hula, ya kutsa cikin baƙi yana nuna gini da hannu shida, biyu na cikin akushi.

"Aikina ne wannan. Duk mai so ya yi magana, kwana uku ne. Alhaji, akwai ɗan cikon da ya rage..."

Nomau ya yunƙura, Inna ta ce, "Zauna. Wannan nawa ne." Ta ɗauko tsintsiya. Ta kai masa ɗaya, ya haye bango. Ta kai masa biyu, ya haye taga. Ta kai masa uku, ya maƙale a kusurwar rufi yana ihu, "Hajiya, awo nake yi! Awo nake yi!"

Shi ya sa har yau, kowace madafa da kowane banɗaki kuka shiga, ku ɗaga kai, za ku gan shi a kusurwa yana jan zare daga bango zuwa bango. Awon ne bai gama ba. Mata kuma ba su ajiye tsintsiyar ba.

Aka yi arba'in, Azumi ta koma ɗakinta ta yi ɓulɓul, 'yarta kamar tulu. Bayan kwana biyu ƙafar Nomau ta fara ƙaiƙayi. Ya wanke takalma, ya ɗaure jaka, Inna ta ƙulla masa dakuwa da yaji. Yana tsaye a bakin ɗakinta da jaka a kafaɗa, sai ya ɗaga kai ya dubi rufin.

"Inna, wannan rufin naki, in na dawo..."

Hannun Inna ya nufi tsintsiya.

"Tambaya zan yi, Inna! Wallahi tambaya zan yi!"

Ta ce, "To ka tambaya in ka dawo. Sauka lafiya, kai wannan."

Kun ji, jikokina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In za ku gyara wa mutum wurinsa, ku fara tambayarsa, kuma duk maginin da ya ce kada a tambayi mai wuri, ku nuna masa hanya tun bai ɗaga guduma ba.

Ƙurungus kan kusu. Ba don Gizo na can kusurwa yana jina ba, da na ce ƙarya na yi.