Motar da Ba Ta Sallama

Akwai wani ɗan kasuwa a unguwar Zaitawa mai suna Bashir, mai sayar da zare da kayan ɗinki a Ƙofar Wambai. Allah ya buɗa masa, kuma ba mugun mutum ba ne. Matsalarsa ɗaya ce: idan ya sayi sabon abu, kunnensa toshewa yake yi har sai abin ya tsufa.

Mahaifiyarsa, Ya Kaka, ta shekara tara ba ta gani. Amma tsohuwar akwai kafiya. Ta ce ita ba mai yi mata jagora a lungun da aka kawo ta amarya.

Kullum da hantsi takan fito bakin soro ta tsaya ta kasa kunne. Idan ba ta ji mota ko babur ba, sai ta ƙirga taku goma sha ɗaya ta tsallaka gidan aminiyarta Turai, su sha shayi su yi hirar mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Kunnenta shi ne idonta, kuma kowa a lungun ya san haka.

Direban gidan, Baba Modu, ya shekara talatin da ɗaya yana aiki da su. Shi ya tuƙa marigayi mahaifin Bashir, shi ya riƙa kai Bashir makaranta. Tsohuwar motar gidan kuwa tun daga bakin titi ake jin gurnaninta.

Ya Kaka takan yi dariya ta ce, "Motarmu ta fi wasu mutanen tarbiyya. Tun daga nesa take sallama."

Rannan sai Bashir ya sayo dalleliyar jif mai aiki da lantarki. Ba mai, ba hayaƙi, caji kawai ake yi mata. Unguwa ta fito kallo.

Baba Modu ya tuƙa ta mako guda, sannan ya sami Bashir a soro.

Ya ce, "Alhaji ƙarami, mota kam ta yi. Kujerar nan tun da na fara zama a kanta ciwon bayana ya lafa. Ba canjin giya, ba layin mai. Amma abu biyu sun hana ni sakewa."

Bashir ya ce, "Ina jin ka, Baba Modu."

"Na farko sitiyarin. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar ka riƙe faifai. Tsohuwar motarmu idan taya ya taka dutse ko ya kusa bakin kwata, a tafin hannuna nake ji. Wannan ba ta gaya mini komai. Ka ɗan juya, ta juya da yawa. Ka ɗan taɓa totur, ta zabura."

"Na biyun fa?"

"Ba ta da murya. 'Yar ƙarar da take yi, injin markaɗen maƙwabciyarmu Uwani ya shanye ta. Ya Kaka ba za ta ji zuwanta ba."

Bashir ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Wato abin da ya sa na sayi motar shi ne laifinta? To ka danna hon mana."

Baba Modu ya girgiza kai. "Hon a lungun nan katanga yake bugawa ya dawo. Firgita ta yake yi, ta rasa ta ina aka taho. Na gwada tun shekarar da idonta ya rufe."

Da bai sami mai sauraro ba, sai tsohon ya nemo dabararsa. Duk sanda ya zo kwanar lungun, sai ya sauke gilashi, ya fito da hannu, ya ƙwanƙwasa jikin ƙofar da zoben azurfarsa sau uku. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya je ya yi wa Ya Kaka bayani, ta ce ta gane: idan ta ji zobe ta tsaya, idan ba ta ji ba hanya tata ce.

Abin ya yi ta tafiya lafiya kusan wata biyu.

Wata ranar Talata Bashir ya ɗauko wasu abokan kasuwancinsa. Ana cikin sanyin mota ana hira, Baba Modu ya sauke gilashi, zafi da ƙarar markaɗe suka shigo, ya hau ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "A'a, Alhaji, direban naka makaɗi ne?" Aka tuntsire da dariya.

Da baƙi suka tafi, Bashir ya duba ƙofar ya ga inda zoben ya ɗan ci fenti. Ransa ya ɓaci.

Ya ce, "Modu!"

Jama'a, ku lura, yau babu Baba.

"Motar nan ta fi ƙarfin zamaninka. Kai tsohon ƙarfe ka saba da shi. Ba ni mukulli, ka je ka huta. Da yatsa ɗaya ma zan tuƙa ta."

Baba Modu ya daɗe yana kallon yaron da ya sha goge wa majina a hanyar makaranta. Ya miƙa mukullin da hannu biyu.

Ya ce, "Na gode, Allah ya bar zumunci. Alfarma ɗaya nake nema. Ka ƙwanƙwasa a kwanar nan, ko ka gaya wa Ya Kaka ba ni ne a motar ba."

Bashir bai yi ko ɗaya ba. Ƙwanƙwasawa a ganinsa ƙauyanci ne. Gaya wa Ya Kaka kuwa ya san faɗa za ta yi masa, don haka ya ce sai ya sami lokacin da ya dace.

Ranar Alhamis da hantsi ya manta wayarsa a gida, ya juyo daga kasuwa. Gilashi a rufe, sanyi na ratsa shi, hannu ɗaya a kan sitiyari.

A daidai lokacin Ya Kaka ta tsaya a bakin soro ta kasa kunne. Ta ji injin Uwani. Ta ji kurciya. Ba ta ji zobe ba. Ta ce bismillah ta fara ƙirga.

Bashir ya shawo kwana sai ga mayafin mahaifiyarsa a gabansa. Ya fizgi sitiyari da ƙarfi, motar ta juya fiye da yadda ya nufa, gefenta ya kwashi tsohuwar ya haɗa ta da katangar gidan Turai.

Ba gudu yake yi ba. Amma ƙashin mai shekara tamanin ba ya buƙatar gudu.

A asibiti likita ya ce ƙugu ya karye, kuma kanta ya bugu. Sai washegari da la'asar ta farfaɗo. Bashir na durƙushe a gefen gado, idanunsa sun kumbura. Baba Modu, wanda tun da labari ya iske shi bai bar harabar asibitin ba, yana tsaye daga bakin ƙofa.

Ya Kaka ta laluba ta kamo hannun ɗanta. Da ƙyar muryarta ke fita.

"Bashir, kada ka kori Modu a kan wannan. Bai taɓa mantawa ba, sai jiya. Ɗan Adam ne. Yana ina?"

Bashir ya sunkuyar da kai. Ya so ya ce ni ne, amma ya kasa.

Baba Modu ya matso ya durƙusa. "Ga ni, Ya Kaka."

"Modu, na yafe. Duniya da lahira na yafe. Kada ka sa abin a ranka."

Kalma ɗaya ta isa ta wanke tsohon. Ya dubi Bashir, ya dubi matar da ke kan gargara, ya ga bai kamata uwa ta tafi da sanin cewa ɗanta ne ya buge ta ba.

Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Ya Kaka."

Kafin magariba ta cika.

Bayan addu'ar uku, Bashir ya je har gidan Baba Modu. Ya zube a ƙasa ya ajiye mukullin motar a gabansa, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Baba, ta tafi ban nemi gafararta ba. Kai ta yafe wa, ba ni ba."

Tsohon ya dafa kansa. Ya ce, "Wanda ke cikin motar ta yafe wa. Sunana kawai ta kira. Yafiyar taka ce, ni riƙe maka na yi."

Ya tura masa mukullin. "Wannan kuma ka ɗauka. Ni hannuna ba zai iya sake shan kwanar nan ba."

Sannan ya zare zoben azurfar daga yatsansa ya saka masa a tafin hannu.

Har yau motar tana nan, kuma ba abin da ya same ta. Mutanen lungun sun ce duk sanda Bashir ya zo kwanar, sai ya tsaya cak, ya sauke gilashi, ya ƙwanƙwasa ƙofa sau uku. Turai tana jin sa daga tsakar gidanta, ta ajiye kofin shayi ta share hawaye. Ba mai tsallakawa.

Darasi: Sabon abu ba laifi ba ne, amma jin daɗinsa kada ya toshe maka kunne daga maganar wanda ya daɗe yana riƙe da amanarka. Idan dattijo ya ce akwai gyara, tsaya ka saurara kafin ka yi dariya, domin wata nadamar ba ta da ranar gyarawa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tuƙi a lungunanmu. Allah ya jiƙan iyayenmu.