Gwangwanin Madarar Mai Launi

Akwai wani mai fentin mota da kowa ke kira Mai Launi. Sunan bai faɗi banza ba. Idan ka kawo masa mota an goge mata ƙofa, kallo ɗaya zai yi mata ya shiga shago ya haɗa fentin da ka. In ya fesa, ko kai mai motar sai ka yi ta neman inda aka gyara.

Matsalarsa ɗaya, ba a faɗa masa. A cikin shagon nan mai ƙaramar taga yake feshi, ƙofa a rufe don kada ƙura ta ɓata aiki, hanci a buɗe. Takunkumi kuwa yana rataye a ƙusa, har gizo-gizo ya yi gida a ciki. Da ya gama sai ya fasa gwangwanin madara ya shanye, wai ta wanke gubar. Haka ya ga ubangidansa yana yi.

Yana da ƙanwa, Auta, wadda ke aikin bincike a jami'a kan yadda sinadarai masu guba ke taɓa ƙwaƙwalwa da yadda za a kare ta. Duk ranar da ta biyo ta gareji sai ta toshe hanci.

"Yaya, wannan warin tinar fentin ba ya damunka?"

"Wane wari? Ni na daina ji ma. Jikina ya saba."

"To wannan daina jin shi ne abin tsoron. Madara ciki take zuwa, Yaya. Abin da kake shaƙa ta huhu yake bi ya shiga jini, ya haura kai."

Sai ya kwashe da dariya. "Auta, je ki gaya wa ɓerayen ɗakin gwajinki. Ni da fenti tun kina rarrafe."

Ba ta yi fushi ba. Ta sayo masa takunkumi mai tace iska, ya ajiye ƙusoshi a ciki. Ta roƙe shi ya fasa wata tagar, ya ce sai an samu lokaci. Ni dai haƙurin yarinyar nan yana ba ni mamaki.

A hankali abin ya fara. Ciwon kai da ba ya jin magani. Faɗa da matarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya ajiye makulli ya yi ta nema alhali yana hannunsa.

Rannan yana tsakiyar haɗa wani ja, ya zuba na farko, ya zuba na biyu, sai ya tsaya da gwangwani a hannu. Ya kalli jerin fentin nan kamar bai taɓa ganinsu ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna a kan taya ya kira ƙanwarsa.

"Auta, zo ki kai ni wurin mutanenki."

Ko "ai na faɗa maka" ba ta ce ba. Ta kai shi asibiti aka yi gwaje-gwaje. Likita ya ce gubar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, lallai ya bar feshi. Wani abin da ya rasa zai dawo in ya huta, wani kuma sai haƙuri.

Ciwon kan ya tafi, gida ya zauna lafiya. Ya fasa tagogi, ya bar wa abokan aikinsa feshi, kuma ba mai taɓa injin feshin sai da takunkumi.

Watarana wani dattijo ya shigo da tsohuwar mota shuɗiya, an kwarzane mata gefe.

"Kai ka yi mata wannan launin da daɗewa. Na zagaya ko'ina, an ce kai kaɗai za ka iya."

Mai Launi ya shafa motar, ya zagaya ta, ya sake shafawa. Idonsa ya ciko.

"Baba, yi haƙuri ka kai ta wani wurin. Wanda ya haɗa wannan launin ba ya nan."

Darasi: Jiki ba ya sabawa da guba, shiru kawai yake yi. Kada girman kai ya hana ka jin shawarar na ƙasa da kai, domin ƙwaƙwalwa ba ta da kayan gyara a kasuwa. Ku tura wa duk wani mai fenti, mai walda ko mai feshin gona da kuka sani.