Kabarin da Saddique Bai Samu Ba

Akwai wani mutumin unguwar Nima ta birnin Ankara mai suna Saddique, wanda ya daɗe a Jamus yana aika tsofaffin motoci gida. Allah ya buɗa masa sosai. Ya gina bene a unguwar Madina, nan Ankara, har yaran unguwa ba sa kiransa da suna, sai dai Borga, wato wanda ya sha ƙasar waje.

Yana can mahaifinsa ya rasu. Da hantsi aka sanar da shi, kafin la'asar an binne. Bai taɓa yafe wa kansa ba.

Da ya dawo, abin duniya ya ƙi yi masa daɗi. Ga gida, ga mota, amma ko waakye, shinkafa da waken nan, aka zuba masa sai ya yi ta juya cokali. Sai ya ƙudura cewa maganin abin shi ne ya nemo kabarin, ya kewaye shi da tayil, ya rubuta suna. Kun san halin mai hannu da shuni, ko baƙin ciki ne sai ya nemo masa magini.

Ya tafi maƙabarta cikin farar shadda. A can ya tarar da Ziblim, abokin makarantarsa, direban motar haya ta trotro, wanda ke cikin 'yan sa-kai masu haƙa kabari idan an yi rashi a unguwa.

"Chale, abokina, nuna mini inda Baba yake," in ji Saddique.

Ziblim ya share gumi. "Wallahi ba zan maka ƙarya ba. Ruwan bara ya share wajen nan duka. Yana nan tsakanin bishiyar can da katanga, amma ban iya ce maka ga shi."

Saddique ya juya zai tafi, sai Ziblim ya riƙo hannunsa.

"Tsaya mana. Wani ɗan dako ya rasu a unguwar Maamobi, baƙo ne daga arewa, ba shi da kowa a Ankara. Mu biyu kawai muka fito, ga hadari ya haɗo. Ba kuɗinka nake so ba, hannu nake so."

Kunya ce ta sa ya karɓi shebur, ba tausayi ba. Ƙasar ta yi tauri, tafinsa ya yi bororo, shaddar ta koma ja. Da aka kawo gawar, shi aka ce ya sauka ya karɓa. Ya kwantar da mutumin da bai taɓa gani ba, ya juya fuskarsa gabas a hankali.

Suna gama rufewa wayar Ziblim ta yi ƙara. Mahaifiyar mamacin ce daga ƙauye, tana magana da Dagbanci cikin kuka.

"Tana tambaya wa ya sa ɗanta a kabari," in ji Ziblim, ya miƙa masa wayar.

"Ni ne, Mma."

Tsohuwar ta yi ta magana, Ziblim yana fassarawa: "Ta ce ba ta san ka ba, amma yau ka zama ɗanta. Ta ce Allah ya ba iyayenka wanda zai riƙe su haka ranar da ba ka kusa."

Saddique ya dubi Ziblim, ya dubi hannuwansa masu bororo, sai a lokacin ya gane haka wasu suka riƙe mahaifinsa ranar da ba ya nan. Ya durƙusa cikin jar ƙasa ya yi kukan da ya ƙi zuwa tun ranar rasuwar.

Bai samu kabarin ba har yau. Amma duk ranar da aka yi rashi a Nima, in ka je maƙabarta za ka tarar da shi cikin rami, kuma an ce yanzu har ƙarin abinci yake nema.

Darasi: Abin da ka tara wa kanka zai cika gida, amma ba zai cika zuciya ba. Tsaya wa wani a ranar da ba shi da kowa, domin wani ya taɓa tsaya wa naka ba ka nan. Ka tura wa ɗan'uwan da neman duniya ya nisanta da mutane.